Kafin mu ce wa yara su dage

Duk shekara idan Oktoba ta kama, jawabin iri ɗaya ne. A rediyo, a filin makaranta bayan an ɗaga tuta, har a saƙonnin da ake turawa ta WhatsApp, manya suna ce wa yara ku dage, ku yi haƙuri, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Yara su tafa, manyan baƙi su shiga mota su tafi, darakta ya koma ofis yana lissafin malamai nawa ne ba su iso ba tukuna.

Ba ƙarya ake faɗa ba. Abin da ke damuna shi ne wanda ake aika wa saƙon. Yaron CE2, aji na huɗu na firamare, mai shekara tara ba shi ke yanke ranar da za a kafa rumfar ajinsa ba. Ba shi ke tura malami ƙauye ba. Ba shi ya wuce da kansa daga CP zuwa CE1, wato daga aji na biyu zuwa na uku, alhali bai iya haɗa harafi biyu ba. Amma ranar da ya daina zuwa, shi za a ce ba shi da juriya.

Ra'ayina a fili yake. Juriyar ɗalibi aikin manya ne, kuma a makonni shida na farkon shekara ake shirya ta. Yaro yana jure zafi da yunwa da tafiyar ƙasa idan yana ganin jiya bai iya abu ba, yau ya iya. Wanda ya shekara uku a bencin baya bai gane abin da ke kan allo ba, jawabi ba zai riƙe shi ba, komai daɗin bakin mai yin sa.

Ina watan Oktoba yake tafiya?

A takarda shekarar karatu wata tara ce, daga Oktoba zuwa Yuni. A ƙauyuka da dama na jihar Tawa a Nijar, har da wasu unguwannin gefen birni, ba ta cika ba.

Ajin zana sai an girbe hatsi, kara ya bushe, an saƙa, an samu itacen kafawa, sannan ya tsaya. Wannan kaɗai yakan cinye Oktoba. Iskar farkon damina kuma takan kwashe shi tun kafin a gama jarrabawar zango na uku. Tsakanin nan akwai yaran da ke gona suna ɗaurin dammuna, akwai malamin da takardar tura shi ba ta fito da wuri ba, akwai ɗan kwantaragin da sai ya je babban gari ya karɓo ɗan abin da ake biyansa, tafiyar da kan ci kwana biyu ko uku kowane wata. A 2024 ambaliyar ruwa ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba a ƙasar gaba ɗaya. Wannan kowa ya ji shi don an sanar. Ɗagewar da ake yi shiru a kowace shekara, makaranta bayan makaranta, ita ce ba wanda ke ƙirgawa.

Gina azuzuwa na siminti aikin gwamnati ne, kuma bayan gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilun 2021 da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda ƙananan yara fiye da 40 suka ƙone a ajin zana idan aka haɗa biyun, ba mai hankalin da zai kare zaman yara a ƙarƙashin kara. Amma kafin siminti ya iso, akwai abin da gari zai iya. A watan Yuni a sauke zana da itace a adana su a ɗakin da ba ya yoyo, a ɗora su a kan duwatsu don gara, maimakon a bar su dabbobi su ci, maƙwabta su yi girki da sauran. Kwamitin kula da makaranta, wanda muka fi sani da COGES, ya zauna a Satumba, kada ya jira Nuwamba. Idan rumfa ba ta tsaya ba a fara karatu da ajin da ke akwai, wasu da safe wasu da yamma, ƙanana su ne a cikin gini. A bar tazara tsakanin rumfuna, kowace ta samu ƙofa biyu, mai tuyar ƙosai kuma ta matsa nesa da wutarta.

Yana zaune a aji, amma ya riga ya tafi

Binciken PASEC, wanda ke auna yaran ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci, ya nuna a 2019 cewa kusan 3 cikin 10 ne kawai na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare suka kai matakin da ake buƙata a karatu. A 2014 ko 1 cikin 10 ba su kai ba. An samu ci gaba, ba musu. Amma har yanzu mafi yawan masu zaune a CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba sa iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata.

Yaya yaro zai yi shekara shida a makaranta malamai ba su gane bai iya karatu ba? Amsar tana cikin yadda muke koyarwa. Malam ya karanta jimla, aji duka ya maimaita da ƙarfi. Wanda ya wuce ta taga zai ce wannan aji ya iya. Alhali yara goma ne ke karantawa, saura suna bin muryarsu. Idan aka yi tambaya, masu ɗaga yatsa su ne dai goman nan. Littafin rubutu kuma cike yake, don kwafa daga allo ba ta buƙatar a gane abin da ake kwafa. Akwai yara masu kyawun hannu da ba za su iya karanta shafin da suka rubuta jiya ba.

Irin wannan yaron ba rana ɗaya yake bari ba. Zai fara da makara, sai fashin ranar kasuwa, sai ya bi wansa gonar albasa mako guda, sai a ji ya bi masu tafiya cin rani. A Adar, yankin Tawa, hanyar Abijan da Libiya da Najeriya a buɗe take a gaban kowane saurayi, kuma yana ganin wanda ya tafi ya dawo da babur da waya. Makarantar da ba ta koya masa karanta sunan garinsu ba, da me za ta yi gasa?

Aikin makon farko

Kafin a buɗe littafin darasi, a gwada kowane yaro shi kaɗai. Ba jarrabawa ba ce, ba maki, ba bulala a kusa. Takarda ɗaya ce mai kashi huɗu: haruffa goma, kalmomi goma masu sauƙi, gajeren rubutu mai jimla huɗu, da ɗan labari mai layi takwas zuwa goma da tambayoyi biyu a ƙarshensa.

A fara da gajeren rubutun. Idan ya karanta ba tare da ya yi kuskure fiye da biyu ko uku ba, a hau da shi zuwa labari. Idan ya kasa, a sauko kan kalmomi. Idan nan ma ya kasa, haruffa. A rubuta inda ya tsaya a gaban sunansa: bai san harafi ba, harafi, kalma, jimla, labari. Lissafi ma haka: ya karanta lamba mai gida ɗaya, mai gida biyu, mai gida uku, sannan tarawa da ɗebewa mai aro. Yawancin yara a ɗebewa mai aro suke maƙalewa, kuma dalili ɗaya ne: ba su gane cewa 5 da ke cikin 52 hamsin ce ba. Ƙullin tsinke goma-goma da roba ya fi bayanin awa guda gyara wannan.

Minti huɗu ya ishi yaro ɗaya. Aji mai yara 80 zai ci minti 320, wato yara 16 a rana, awa ɗaya da ƴan mintoci, kwana biyar. Sauran suna aiki a kan ardwaz ɗinsu, ƙaramin allon hannu, kafin a kira su.

Abubuwa uku ke ɓata wannan gwaji. Na farko, takarda ɗaya ce, wanda ya fito ya faɗa wa na baya, kafin Laraba duk aji ya haddace. A shirya kala uku a riƙa sauyawa. Na biyu, malam ya ji tausayi ya riƙa taya yaro da farkon kalma, sakamakon ya fito da kyau, ya yaudari kansa. Na uku, darakta ya ga adadin ya ji kunya ya gyara shi kafin ya kai sama. Wannan na ukun ya fi muni, don daga nan aikin ya koma cika takarda.

Bayan gwaji a ware awa ɗaya kullum, an fi so da safe kafin rana ta yi zafi, a raba yara bisa matakinsu, a bar zancen ajin da suke. Idan malaman CE1 da CE2 da CM1, aji na uku zuwa na biyar, suka haɗa kai abin ya fi sauƙi: ɗaya ya ɗauki masu haruffa na azuzuwan uku, ɗaya masu kalmomi, ɗaya masu labari. Malamin da ya fi ƙwarewa shi za a ba na ƙasa. Mu kuwa mun saba da akasin haka, gwani yana CM2 saboda jarrabawa, sabon da ya fito jiya a jefa shi CI, ajin farko, inda ake aza tushe.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo yara talatin ke zaune gaban malam ɗaya, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma ba a wanke wa yaro sai ya biya daidai. Ba wanda ke ce masa shekara ta zagayo, ka wuce izu na gaba ko ka iya ko ba ka iya ba.

Bayan mako shida a sake gwaji. Wanda ya haura a matsar da shi nan take, a gaban ƴan uwansa. Idan rukuni ya zama wurin zama na dindindin, yara da kansu za su laƙaba masa suna, kuma kun san irin sunan.

"Ai mu ma a wahala muka yi karatu"

Wannan ita ce amsar farko da dattawa ke bayarwa, kuma akwai gaskiya a ciki. An yi karatu da fitilar ƙwai, an yi tafiyar ƙasa mai nisa. Amma a tuna su wa ke ba da labarin: waɗanda suka kai gaci. Abokan karatunsu da aka kora a CM2 ko a aji na farko na kwaleji ba a gayyatarsu yin jawabi. Makarantar wancan zamani yara kaɗan take ɗauka, ta tace, ta zubar da saura, ba wanda ya tambaye ta. Ta yau an ce ta ɗauki kowa. Ba a ɗaukar kowa da dabarar da aka ƙera don tacewa.

"Tsarin karatu fa? Mai duba malamai zai zo"

Wannan ƙorafin malamai ne, kuma ya fi na farko nauyi. Akwai jadawalin da aka raba wata-wata, akwai littafin shirin darasi da darakta ke sa wa hannu, akwai CFEPD, jarrabawar kammala firamare, a gaban ƴan CM2. Awa ɗaya a rana ba ƙaramin abu ba ne.

To amma a yi lissafi da gaskiya. Darasin nahawu da aka yi wa yara 80, 15 suka gane, an gama shi a takarda ne kawai. Wanda bai iya karanta tambayar lissafi ba zai faɗi lissafi, ya faɗi tarihi, ya faɗi kimiyya, don duka a rubuce suke zuwa. Awar da aka kashe a Oktoba da Nuwamba ana gyara karatu ita ke sa darussan Janairu su shiga.

Kuma ba ɓoye za a yi ba. A rubuta awar a jadawali, a nuna wa mai ba malamai shawara sakamakon gwajin farko, a gayyace shi ya ga na biyu. Wanda ya san aiki ba zai ƙi ba.

Akwai kuma dabara tsohuwa da kowane malami ya koya a makarantar horon malamai, sai dai an bar ta ga lissafin ka kawai: malam ya yi tambaya, ya buga tebur kowa ya rubuta a ardwaz, ya sake bugawa kowa ya ɗaga. Cikin daƙiƙa goma ya ga amsar aji duka. Tana aiki da haruffa, tana aiki da gaɓoɓin kalma. Sharaɗinta kowane yaro ya samu ardwaz da alli, wanda kuɗinsu bai kai na littafi ɗaya ba, kuma malam ya riƙa duba layin baya kafin na gaba.

Batun harshe ma ya shigo nan. Yaron da Hausa ce bakinsa, ko Tamajak ko Fulatanci, ana ɗora masa aiki biyu a lokaci guda: ya koyi yadda harafi ke zama sauti, kuma ya koyi harshen da bai taɓa ji a gida ba. Nijar ta fara gwada makarantun harshen gida tun 1973 a Damagaram, kuma tun 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Malamin da ya rubuta "gero" da "rana" da "Tawa" a allo don yaro ya kama yadda ake haɗa baƙi da wasali, sannan ya kai shi Faransanci, bai yi laifi ba. Ya gajarta hanya ne.

"Iyayen ba su yi boko ba"

Ba a ce su koyar ba. A jihar Tawa aka fara shirin Makaranta Don Kowa a 2004, da tallafin hukumar JICA ta Japan, kafin ya bazu ƙasar duka har ya tsallaka wasu ƙasashe. Ginshiƙinsa bai wuce uku ba: a zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'ar sirri, a kira taron gari a faɗi halin da makaranta ke ciki, a tsara abin da gari zai yi da ƙarfinsa. Inda kwamiti ya mutu, galibi don an daina zaɓe ne, ko don ba a kiran taro sai za a karɓi kuɗi.

A kai sakamakon gwajin taron gari, da adadi ba da sunaye ba: cikin yara 80 na CE2, kaza ne ba su san harafi ba. Uban da bai taɓa riƙe biro ba ya san ma'anar wannan. Daga nan ake samun wanda zai ba da zaure da fitila mai aiki da hasken rana don karatun dare, da tsohon ɗan kwaleji da zai zauna da yara awa ɗaya bayan la'asar, da uwar da za ta rage wa ƴarta talla a ranakun makaranta.

Kiran suna kuma a yi shi safe da yamma, a riƙa karanta rajistar kamar yadda ake karanta sakamako. Wanda ke fashi duk Lahadi ba matsala, ba makaranta; amma ƙauyen da kasuwarsa ke ci Talata ko Alhamis za a ga ramin a rajista. Wajen Galmi da Madawa da Ƙonni a sa ido lokacin dashen albasa da lokacin cire ta. A Disamba da Janairu sanyi ne ke kawo makara. Ƙa'ida ɗaya ta isa: kwana uku a jere ba a ga yaro ba, wani ya taka zuwa gidansu. Idan yarinya ce, ƴan ƙungiyar iyaye mata su je, don abin da uwa za ta faɗa wa ƴar uwarta mace ba za ta faɗa wa muse, wato malami namiji, ba. Bayan mako uku zuwan ba shi da amfani sosai. A lokacin an riga an karɓi kayan gaisuwa ko an biya kuɗin mota.

Ƴan CM2 kuma a duba takardar haihuwarsu tun yanzu. Kowace shekara akwai yaran da suka yi karatu har ƙarshe, lokacin haɗa takardun jarrabawa ya zo aka tarar ba su da ita, kuma samun ta kotu ba aikin mako ɗaya ba ne.

Bulala

Wasu za su ce duk wannan tsawaitawa ne, da bulala aka gyara mu. Bulala tana sa yaro ya yi shiru, tana sa ya haddace, tana sa ya koma bayan mai tsawo ya ɓuya. Ba ta taɓa nuna wa yaro bambancin b da d ba. Kuma wanda aka doka don ya ba da amsar da ba daidai ba ya koyi darasi ɗaya: kada ya sake amsawa. Shi ke nan malam ya rasa hanyar da zai san abin da yaron bai gane ba.

Malamin fa, wa zai ce masa ya dage?

Nan ne na fi jin nauyin magana. Mutumin da aka kai ƙauyen da ba ɗakin kwana, kuɗinsa na makara, iyalinsa na wani gari, a ce masa ya ƙara aiki? Haƙƙinsa yana wuyan gwamnati, kuma jawabin juriya ba ya biyan bashin mai shago. Gari ma yana da nasa rabo: ɗaki mai ƙofa, ruwa, da mutunci. Ƙauyen da ya bar malami yana kwana a cikin aji kada ya yi mamaki idan ya riƙa tafiya Alhamis ya dawo Talata.

Sai dai abin da na zayyana ba ƙarin awa ba ne, canza amfanin awa ɗaya ne cikin waɗanda ake yi. Kuma abin da ke kashe wa malami gwiwa ba rashin kuɗi kaɗai ba ne. Akwai gajiyar yin magana wata tara gaban fuskokin da ba sa amsawa. Malamin da ya ga masu haruffa sun ragu daga 30 zuwa 12 cikin mako shida ya samu abin da ba a ba shi a taron buɗe shekara.

Masu shiga aji na farko na kwaleji su ma a yi musu wannan gwajin, ko da malaman suna ganin ƙasƙanci ne a gare su. Yaro ya fito daga hannun malami ɗaya da ya san sunan ubansa, ya faɗa hannun malamai bakwai ko takwas da kowa ke shifta darasi ya fita, sau da yawa kuma a garin da ba nasu ba, a gidan mai masaukin da ke aikensa ɗebo ruwa kafin ya karya. Idan sakamakon farko ya fito ƙasa da 10 bisa 20, da yawa ba sa dawowa bayan hutun Disamba. Malamin Faransanci da na lissafi su raba aikin a makon farko, a ba kowane aji malami ɗaya da zai riƙe rajistarsa ya kuma san inda kowane baƙon ɗalibi yake kwana, a kuma kira masu masauki taro tare da iyaye kafin ƙarshen Nuwamba.